Gwazan Lemaki da Tsibirin da Ya Ƙi Amsawa

Can tsakiyar babban teku, tun kafin jirgin baƙi ya taɓa ratsa wannan ruwa, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Ruateo. Don ƙanƙantarsa, idan ka yi tari a bakin ruwa na gabas, na yamma zai ce maka sannu. Mutanensa ba su san ƙarfe ba, kuma ba su taɓa jin sun rasa wani abu ba. Ƙugiyar kamun kifinsu ta ƙashi ce, kwalekwalensu ɗinki ne da igiyar bawon kwakwa. Ƙarfin cikinsu kuwa gwaza ne, wanda suke shukawa a manyan ramukan da kakanni suka haƙa da hannu har suka tarar da ruwan daɗi a ƙarƙashin yashi.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe tun yanzu. Mutanen Ruateo ba su yarda kwalekwale yana tafiya ba. A wurinsu shi a tsaye yake cak, tsibirai ne suke yawo. Kowane tsibiri yana da suna biyu, na bakin kowa da na ɓoye, kuma sai an kira shi da na ɓoyen yake tahowa ya tarar da matafiyi. Wanda ke riƙe da waɗannan sunaye shi ake ce wa mai jin ruwa.

Mai jin ruwan Ruateo a wannan zamani shi ne Kaiuru, wani ƙato mai tumbi da son yabo. Aikinsa shi ne ya kwanta rigingine a cikin kwalekwale, bayansa ya riƙa karanta igiyar ruwa, ya faɗi inda ƙasa take. Ya iya aikin, wannan ba a ja masa. Amma shekara hamsin da ɗoriya yana duniya bai koya wa kowa ko suna ɗaya ba, duk wanda ya roƙa sai ya ce lokaci bai yi ba. Yayarsa Lemaki, wadda ke kula da ramukan gwaza, takan ce shi kaɗai ne namijin da kwanciya ta zama masa sana'a. Ita siririya ce mai kaifin harshe, ƙafarta kullum cikin taɓo, kuma kowane rami ta sa masa suna tana yi masa faɗa kamar ɗan da ta haifa. Al'ada ta raba aikinsu: mai riƙe da sunaye ba ya taka ramin gwaza, macen da ke taka taɓo kuma ba ta jin sunan ɓoye.

Wata safiya sama ta yi jawur, tsuntsaye suka watse, guguwa ta sauko. Teku ya hau tsibirin ta gabas ya sauka ta yamma. Mutane suka ɗaure kansu a jikin itatuwa suka tsira, amma da ruwa ya janye, ramukan gwaza duk sun sha gishiri. Lemaki ta shiga ta tumɓuke ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya narke a hannunta yana wari. Ko iri guda bai saura ba. Ta zauna a bakin babban ramin, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da mijinta ya ɓata a teku.

Dattawa suka taru suka auna. Kwakwar da ta rage da busasshen kifi za su kai wata huɗu, daga nan sai yunwa ta fara da yara. Wani tsoho ya ce wuri ɗaya ne ake samun iri, wato tsibirin Uwar Gwaza, aljanar da ta ba kakanninsu irin farko. Ido ya koma kan Kaiuru.

Ya shafa tumbi ya ce, "Sunan yana bakina. Ni kaɗai ma na isa."

Lemaki ta ce, "Kai da ba ka san kan gwaza da gindinsa ba? Sai ka kwaso mana ciyawa ka dawo kana jiran a yi maka guɗa. Tashi mu je."

Suka ɗora gorunan ruwa da ƙunshin kifi, suka ɗaga tabarmar da iska ke turawa, Ruateo ya ja da baya har ya nutse a ƙarƙashin sama. Lemaki na riƙe da itacen tuƙi, Kaiuru na kwance yana cewa dama, hagu, dama kaɗan.

Rana ta biyar da hantsi ruwa ya tsage a gabansu. Wani abu ya taso, faɗin bayansa ya fi filin rawar garinsu, itatuwa sun tsiro a kai. Aljani ne mai siffar kififiya, idonsa ɗaya ya kai ƙofar ɗaki. Ya hura numfashi, tabarmarsu ta kumbura ta baya.

Ya ce, "Ya ku 'ya'yan ƙasa, ni ne Sarkin Mashiga, ba mai wucewa sai ya amsa mini. Ku kuka zo wurina, ko ni na zo wurinku?"

Lemaki ta buɗe baki za ta ce kwana biyar suna wahala, Kaiuru ya danne mata ƙafa. Ya tashi zaune, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muna nan inda muke tun ranar da muka shiga kwalekwale. Kai ne ka yi mana girma ka tako."

Aljanin ya yi dariya har ruwa ya yi kumfa. Ya ce, "Da kun ce ku kuka zo, da kun zama masu kutse, kuma masu kutse nake karya kumallo da su. Tunda ni ne baƙonku, me za ku ba baƙo?"

Lemaki ta miƙa masa rabin kifinsu tana ƙunƙuni. Ya lashe, ya nutse, hanya ta buɗe. Kaiuru ya koma ya kwanta yana murmushi, ya ce, "Yaya, kin ga amfanin kwanciya?" Ta ce ta ga amfanin kifinta dai.

Ba su gama wannan ba sai ga teku ya rufe da duwatsu masu yawo a kan ruwa, farare, marasa nauyi, iya ganin ido. Da kwalekwalen ya shiga tsakiyarsu sai suka buɗe ƙananan bakuna suka kama gaigayar igiyar ɗinkin. Katako ya fara rabuwa, ruwa ya fara shigowa. Kaiuru ya juya dama ya juya hagu, zufa ta keto masa.

Ya ce, "Yaya, bayana ya kurmance. Duwatsun nan sun kwantar da igiyar ruwa, ba na jin komai."

Ta ce, "To tashi ka kwashe ruwa, yau dai ka san aiki."

Ta zaro bawon kwakwa tana murzawa a cinya, tana ɗinke inda aka cinye, tana make duwatsun da itacen tuƙi suna tsuwa. Can ta tsaya, ta ɗaga hanci. Cikin duk warin gishirin nan ta jiyo ƙanshin taɓon ruwan daɗi, wanda ta shekara arba'in tana shaƙa. Ta nuna da haɓa ta ce can yake. Kaiuru ya juya fuskarsa wajen, ya rufe baki da tafin hannu don kada ta ji, ya kira sunan ɓoyen. Nan take duwatsun suka dare, wani tsibiri kore shar ya taho a guje yana tura ruwa a gabansa, ya tsaya daidai hancin kwalekwalensu.

Abin da suka gani ya fi ƙarfin baki. Gwaza ne ko'ina, tsayinsa ya fi itacen kwakwa, kowane ganye zai yi wa gida rufi. Raɓar da ke taruwa a tsakiyar ganyen ta isa wanka, har da ƙananan kifaye masu haske suna iyo a ciki. Ƙasar kuwa tana numfashi a hankali a ƙarƙashin ƙafa. Lemaki ta durƙusa ta damƙi taɓon, ta shinshina, ta ɗanɗana.

Wani ganye ya buɗe, Uwar Gwaza ta fito. Daga ƙugu zuwa sama mace ce, gashinta saiwoyi ne farare, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma a binne take cikin taɓo, tana tafiya ƙasa na buɗe mata hanya.

Ta ce, "Ya ku jikokin waɗanda na ba iri, me kuka yi da kyautata?"

Lemaki ta ce, "Ranki ya daɗe, teku ne ya shanye ta. Mun riƙe amana kaka da kakanni, ba sakaci muka yi ba."

Aljanar ta kama hannun Lemaki ta duba faratanta da taɓo ya rina, ta gyaɗa kai. Ta zube kawunan gwaza ɗari a gabanta, ta ce ta zaɓi masu rai, amma in ta ɗauki matacce ko ɗaya, duka za su mutu. A ido duk iri ɗaya ne. Lemaki ta bi su tana latsawa da babban yatsa, tana karawa a kunci don jin sanyinsu, ta ware guda tara.

Uwar Gwaza ta ce, "Kin zaɓa daidai, ɗiyar taɓo. Sai dai abin da na ba ku mai saiwa ne, don haka abu mai saiwa zan karɓa." Ta juya ga Kaiuru. "Ya kai mai jin ruwa, ina son abin da ya fi daɗewa a bakinka, wanda ba ka taɓa ba kowa ba."

Kaiuru ya yi farat ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai wani turmin haƙori nan ciki, dama yana damuna."

Ta ce, "Riƙe haƙorinka. Sunan ɓoye na tsibirinku nake so."

Kaiuru ya san abin da ake nufi: in sunan ya fita daga bakinsa, ba wanda zai sake kiran Ruateo ya zo, domin duk duniya shi kaɗai ya san shi. Ya dubi kawunan gwazan nan tara, ya tuna yaran da suka raka su bakin ruwa. Ya ce ya yarda, muryarsa ta zama ƙarama.

Aljanar ta ce, "Zan ja numfashi sau ɗaya, sannan in ɗauka."

Lemaki ta matso da kunnenta ta ce, "Maza faɗa mini, in riƙe mana."

Ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafafunta da taɓo ya rufe har gwiwa, ya tuna abin da malaminsa ya rantsar da shi a kai, cewa macen taɓo ba ta jin sunan. Ya yi jim na ƙiftawar ido kawai. Da ya yanke shawara ya kai baki kunnenta, iska ce zalla ta fito. Uwar Gwaza ta riga ta zare sunan kamar yadda ake zare ƙaya daga kifi, ta soke shi cikin gashinta.

Lemaki ta dube shi, ta rasa ma zagin da zai ishe shi. Abin da ta iya cewa shi ne, "Ɗauki gorunan."

Aljanar ta cika musu gora uku da raɓa, ta ce, "Ku ji sharaɗi. Ɗigon gishiri ɗaya zai kashe irin nan. Yini ɗaya babu ruwan daɗi zai kashe shi. Ku sauka lafiya, in akwai inda za ku sauka." Tsibirin ya ja da baya ya ɓace, ya bar su da teku.

Lemaki ta naɗe irin cikin ganye, ta ɗaure a ƙirjinta, ta juya wa feshin ruwa baya. Shi kuwa Kaiuru, bayansa bai manta aikinsa ba. Ya kewaye da su nesa da duwatsu masu baki, Sarkin Mashiga ya ɗago kai ya gan su ya ƙyale su, rana ta shida da safe sai ga kawunan itatuwan Ruateo a gefen sama. Lemaki ta yi tsalle har kwalekwalen ya karkata. Amma suna matsawa tsibirin na ja, suna matsawa yana ja, irin akuyar da ba ta san muryar mai kiranta ba. Kaiuru ya yi ta kiran "Ruateo", sunan bakin kowa, ko gezau. Ya kira sunayen wasu tsibirai ko zai dace, wani baƙon dutse mai hayaƙi ya leƙo, ya ga ba da shi ake ba, ya koma.

Kwana huɗu suna wannan bi-ta-da-ƙulli. Gora ta farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare. Suka raba ta uku kashi uku, nata, nasa, da na iri. Sai Kaiuru ya lura idan ta kai gora baki maƙogwaronta ba ya motsi, daga baya sai ta juya ta tsiyaya rabonta cikin ganyen. Da aka zo kansa, shi ma ya kai baki, ya miƙa mata gorar yadda take. Ta jijjiga ta ji nauyin bai ragu ba, ta harare shi, shi kuma ya kalli sama.

Rana ta biyar leɓunansu sun tsage, harshen Lemaki ya kumbura, macen da ba a taɓa jin bakinta ya huta ba ta koma magana da hannu. Abin da ya rage a gora bai wuce kurɓi ɗaya ba. Kaiuru ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ya ce da murya kamar ta tsohon da ya shekara ɗari, "Yaya, ni na kashe mu. Shekara talatin ana roƙona in koyar, ina jin daɗin a roƙe ni. Ko a gaban aljanar nan ƙafarki na tsaya kallo."

Lemaki ba ta saurare shi ba, idonta na kan tsibirin. Iska ta juyo daga can, ta kawo mata warin ramukanta, ruwan sama ya fara wanke gishirin, taɓon yana neman shuka. Haushi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ita ce ta ciyar da ƙasar nan da ruɓaɓɓen ganye kwando-kwando tun tana budurwa, ta san inda take da tauri da inda take da laushi, yau kuma ita za a juya wa baya? Ta yi ƙoƙarin magana, sauti ya ƙi fita.

Kaiuru ya ga bakinta na motsi, ya miƙa mata gorar ya ce, "Sha."

Ta nuna irin da ke ƙirjinta, ganyensa ya fara lanƙwasa.

Ya ce, "In kin sha, iri ya mutu. In kin ba iri, mu mutu da shi gobe. Ni dai kaina ya ƙulle."

Ta karɓi gorar ta juye kurɓin a baki. Ba ta haɗiye ba. Ta ɗaga kai ta kurkure maƙogwaro da shi sosai, sannan ta buɗe ganyen ta fesa wa kawunan nan tara, ɗigo bai faɗi a banza ba. Ta miƙe tsaye a hancin kwalekwale, ta riƙe ƙugu, ta fara kiran ramukanta yadda take kiransu kowace safiya.

"Ke Makwaɗaiciya, wa ya cika miki ciki da taki? Mai Barci, tashi haka nan. 'Yar Auta, har da ke?"

Tsibirin ya daina ja. Kaiuru ya faɗa rigingine ya manna bayansa da katako, idonsa ya fito. Ya ce, "Ya tsaya, Yaya. Yana saurare. Ci gaba."

Saura babban ramin, na tsakiya, wanda kakan kakanni ya fara haƙawa, mai taurin kan da sai ta yi masa magana sau goma kafin ya ba da amfani. Ta tattara duk abin da ya rage a ƙirjinta ta kwarara masa kira.

"Kurma! Ba da kai nake ba? Zo nan!"

Ruateo ya taho. Ya taho da gudun da itatuwan kwakwa suka kwanta baya, tsuntsaye suka tashi suna ihu, mutanen da ke bakin ruwa suka zube suna riƙe juna. Yashi ya shigo ƙarƙashin kwalekwalen ya ɗauke shi cak. Lemaki ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ratsa taron da gudu, ta faɗa cikin babban ramin, ta ɗanɗani taɓon ta ji gishiri ya tafi, ta dasa tara ɗin da hannunta kafin ta yarda aka ba ta ruwa.

Duka taran suka kama. Aka ƙara ɗaure ciki, aka ci ganyen daji da ƙaguwa, har kawunan suka yi 'ya'ya aka rarraba wa sauran ramuka. Yunwa ta taɓa kowa, amma ba ta ɗauki yaro ko ɗaya ba. Sunan ɓoyen kuwa bai dawo ba har abada. Tun daga ranar tsibirin ba ya amsa kowane kira sai Kurma, kuma sai daga bakin wanda ya taɓa ciyar da ramukansa. Saboda haka kwalekwale ba ya barin Ruateo sai da mai taɓo a ƙafa a cikinsa.

Kaiuru ya tara matasa maza da mata a inuwa, ya juye musu duk sunayen da suka rage a bakinsa cikin wata guda, ba wanda ya roƙe shi. Amma abin yana cinsa, mutumin da ya san hanyar kowace ƙasa ba ya iya kiran tasa. Wata safiya Lemaki na cikin rami sai ta ga inuwa a kanta. Ta ɗaga kai ta gan shi tsaye da kwandon ruɓaɓɓen ganye, yana kallon taɓon kamar wanda aka ce ya taka wuta.

Ta ce, "Mai riƙe da sunaye ba ya taka nan."

Ya ce, "Wanda ya hana ni takawa yana cikin gashin aljana. Yaya, ina so in na kira gida ya san muryata."

Ta matsa masa. Ya sa ƙafar dama, ya sa ta hagu, ya nutse har gwiwa da duk tumbinsa. Ta nuna masa gindin da zai fara zuba takin, ta ce ya gaishe da Kurma da ƙarfi, don ba ya ji da sau ɗaya.